Kilinik ɗin da munka kai Baba kontrol na zuciya: abin da na gani da abin da na biya

Salamu alaikum jama'a. Tun watan jiya ƴan uwa da abokan aiki ke tambayata wai ina munka kai Baba da jikinshi ya sake tashi, nawa munka kashe, kuma ko wurin ya cancanci a je, to yau na samu sarari bari in faɗi komi da komi a wuri guda. Kilinik ce ta kuɗi a nan cikin garin Maradi, ba zan kama sunanta ba don akwai abubuwan da ba su yi min daɗi ba kuma sai na faɗe su, amma tun daga farko ku sani lokotoron zuciya da munka gani a can ya yi mana abin da ba wanda ya yi mana tun ranar da ciwon ya faɗa ma Baba, wato ya zauna ya fahimtar da shi abin da ke faruwa cikin jijiyoyin jininshi. Wannan kaɗai a wurina ya biya kuɗin.

Baba shekarunshi 63, ɗan kasuwa ne, aya da wake yake saye yana sayarwa, mutum ne da ban taɓa ganin ya kwanta ciwo kwana biyu a jere ba. Ranar da abin ya faru bayan sallar asuba ne ya ce ma Inna ƙirjinshi ya yi nauyi kamar an aza mishi buhu, zufa na karyo mishi alhali sanyi ake, ga hannun hagu ya yi tsami har zuwa muƙamuƙi. Da yake ya daɗe yana kukan ciki sai kowa ya ce ulsa ce, anka jiƙa kanwa anka ba shi, anka kawo madara, wani maƙwabci ya kawo wasu ƙwayoyi a leda, haka munka yi ta fama har bayan azahar sannan yayana ya ce a'a wanga abu ya wuce ulsa, munka sa shi mota sai likita. Awa takwas kenan. Ina rubuta wanga adadi ne zuciyata na zafi saboda yanzu na san me awa takwas ke nufi. A can anka yi mishi awon zuciya na takarda da analiz ɗin jini da ake ce ma troponin anka ce bugun zuciya ne, wato jijiyar da ke kai ma zuciya jini ta toshe, ya yi kwana shida anka sallame mu da ordonans mai magani biyar.

Wata biyu ya sha maganin. Da ya ji ƙarfi ya koma kasuwa sai ya fara tsallakewa, yau ya sha gobe ya manta, daga baya ya ce shi fa ya warke, wai mutum ba ya dawwama yana haɗiyar ƙwaya kamar kaza, kuma kuɗin sun yi yawa. Mun yi magana mun gaji, kun san iyayenmu, ɗiya ba ta tsawata ma uba. Wajen wata na huɗu sai ga shi in ya taka daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya ya huta a hanya, da dare kuma sai ya ɗora matashi biyu sannan yake iya barci. Nan ne wata abokiyar aikina ta ce mu gwada wagga kilinik ɗin, kardiyolog, wato lokotoron zuciya, na zuwa wasu ranaku a sati.

Bari in fara da abin da ya ɓata min rai. An ce mu zo ƙarfe takwas, munka iso bakwai da rabi a adaidaita, munka biya a kes anka ba mu tike mai lamba 6, amma lokotoro bai shigo ba sai goma saura, kuma ba wanda ya hito ya ce mana ku yi haƙuri ga dalili, kowa na zaune bisa benci yana kallon ƙofa. Tsofaffi ne fa masu ciwon zuciya, wasu daga Madarunfa wasu daga Tibiri sun baro gida tun da duhu ba su ci komi ba saboda an ce musu kila a ɗibi jini. Fanka ɗaya ce a zauren jira, kuma da wuta ta ɗauke sai da anka ɗau kusan minti ashirin kafin a tada gurup. Banɗakin ma ba ruwa a buta, ni na je na nemo. Sannan wasu mutum biyu da sunka zo bayanmu sun riga mu shiga, ban san ko su wane ne ba amma kowa ya gani kuma kowa ya yi shiru. Wanga ba daidai ba ne, in wuri na kuɗi ne to a mutunta layi.

Kuɗi kuwa ga yadda ya kama mu: ganin lokotoro jikka goma, awon zuciya na takarda jikka bakwai da rabi, eko, wato hoton zuciya a allo, jikka ashirin da biyar, analiz na jini da sunka haɗa da kolesterol da sukari da aikin ƙoda wajen jikka ashirin. Sun ba da resi na kowane, wannan na yaba.

Da munka shiga sai komi ya canza. Lokotoron matashi ne, bai kai yayana ba, amma ya miƙe ya gaida Baba hannu biyu ya ce "Alhaji sannu da jiki, ku gafarce ni na sa ku jira", da Hausa tsantsa ba wai ya yi ta zuba Faransanci yana kallona in fassara ba. Ya amshi karne ya karanta shi tun daga shafin farko, ya ce a zazzage ledar magunguna bisa tebur, ya ɗauki kwali ɗaya-ɗaya yana duba ranar da anka saya da yawan ƙwayoyin da sunka rage, ko tambaya bai yi ba ya gane an daina sha. Bai yi faɗa ba. Ya kwantar da Baba ta gefen hagu ya shafa mishi wani ruwa mai yauƙi a ƙirji ya yi eko, ya juyo da allon ya ce in matso in gani, ya nuna mana bangon zuciya yana matsewa yana saki, sannan ya nuna wani yanki da ke motsi kaɗan-kaɗan kamar mai jin kasala ya ce nan ne wurin da ya mutu ya zama tabo. Ya ce a duk bugu ɗaya zuciya mai lahiya tana tura fiye da rabin jinin da ke cikin babban ɗakinta na hagu, ta Baba kashi 42 cikin 100 take turawa.

Baba ya ce, "To lokotoro ai an ce min jijiyar da ta toshe ce matsalar, ni kuma yanzu ba na jin ciwon, me zai sa in yi ta shan magani?"

Amsar da ya ba shi ita ce dalilin wanga rubutu. Ya tambayi Baba ko ya san gandun noman rani na Jiratawa, Baba ya yi dariya ya ce ai ƙanenshi na da fili can. Ya ce to Alhaji ku ɗauka babban kanal ya toshe tun safe har la'asar, ƙananan hanyoyin ruwa da ke shiga fangali-fangali sun bushe, sun tsage, laka da ciyawa sun cike su, wasu sun rufta, yanzu in an zo an buɗe babban kanal ruwa zai kai kowane fangali? Baba ya ce ina, sai dai wasu. Ya ce to haka zuciya take, jijiyar da gudan jini ya toshe babba ce amma a ƙarƙashinta akwai dubban ƙananan jijiyoyi da sun fi gashi siranta, su ke kai jini ga naman zuciya kanshi, in sun daɗe ba jini sai fatar cikinsu ta kumbura ta cike hanyar, fararen ƙwayoyin jini su maƙale, ɓarɓashin gudan jinin da kitsen da ya fashe su gangaro su cushe su, wasu ma su yage jini ya tsiyaya cikin naman. Shi ya sa ko an buɗe babbar wani lokaci jinin ba ya komawa ko'ina.

Ni malamar SVT, wato kimiyyar rayuwa da ƙasa, ce a wani CEG, ƙaramar sakandare, na sha koya ma yara zagayawar jini a allo amma wallahi ban taɓa jin an kwatanta shi haka ba. Da na koma gida ni da ɗan ƙanwar Inna da ke karatun likitanci a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo munka zauna munka bi abin a intanet, kuma duk abin da ya faɗa haka yake. Tun 1974 wani mai bincike a Amurka, Robert Kloner, da abokan aikinshi sunka gwada a karnuka, in an ɗaure jijiyar zuciya minti 40 anka saki jini na komawa, amma in ta kai minti 90 sai a tarar da wurare da jinin ya ƙi shiga sam duk da an saki ɗaurin. A 1977 kuma Reimer da Jennings sunka nuna mutuwar naman zuciya ba lokaci ɗaya take faruwa ba, daga ciki take farawa bayan kamar minti 20 zuwa 40 ta yi ta ci zuwa waje, kafin awa shida mafi yawan abin da zai mutu ya mutu. Mu kuma awa takwas munka yi muna jiƙa kanwa. Har a 2017 wasu masu bincike a Landan sun nuna a ɓeraye cewa akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ke naɗe da waɗannan siraran jijiyoyi kamar zobe, in jini ya yanke sai su ƙanƙame jijiyar su ƙi saki ko bayan jinin ya dawo. Dan Allah duk wanda ya ji nauyin ƙirji da zufa da ciwo na tahiya hannu ko wuya ko muƙamuƙi kar a tsaya gwajin gida, a tahi likita nan take a ce a yi awon zuciya, in ulsa ce ba a yi asarar komi ba sai kuɗin awo.

Amma abin da ya fi girgiza ni shi ne kashi na biyu na bayanin, don ni da a tunanina bugun zuciya sakamako ne kawai, jijiya ta lalace sai ta jawo shi, shi kenan an gama. Ashe shi ma yana juyowa ya ƙara lalata jijiyoyin. Lokotoro ya ce ma Baba in gobara ta tashi a unguwa kowa na rugowa da bokiti, amma a cikin turmutsutsun nan ana rushe katangar maƙwabta da ba ruwansu, ya ce jiki in ya ji naman zuciya ya mutu sai ya yi gangami ya saki fararen ƙwayoyin jini masu yawa don su je su share wurin, to ba duka ke tsayawa a zuciya ba, wasu sai su kutsa cikin kitsen da ya daɗe a maƙale a bangon sauran jijiyoyi, na zuciya da na wuya da ke kai jini ƙwaƙwalwa, su hura mishi wuta ya kumbura, fatar da ta rufe shi ta yi laushi, ranar da ta fashe sai sabon gudan jini, ko dai bugu na biyu ko shanyewar ɓarin jiki. Ya ce shi ya sa shekarar farko ta fi kowace haɗari, kuma daidai lokacin ne mutane ke jin sun warke su ajiye magani.

Wannan ma mun same shi. A 2012 mujallar Nature ta buga aikin ƙungiyar Matthias Nahrendorf ta babban asibitin Massachusetts a Boston, sun jawo ma ɓeraye masu kitse a jijiya bugun zuciya sai sunka ga kitsen jijiyoyinsu ya ƙara girma ya ƙara kumburi fiye da na waɗanda ba a taɓa ba, kuma sun bi sawun abin, jijiyoyin saƙo na firgici, waɗanda ke sa gaba ya faɗi zuciya ta yi sauri, su ke aika ma ɓargo saƙo ya saki ƙwayoyin asali, su kuma su tahi saifa su yi ta haihuwar fararen ƙwayoyin da ke zuwa su shiga bangon jijiya. Ɓargo da saifa fa jama'a, wa zai ce suna da hannu a ciwon zuciya. A ɓeraye anka yi wanga, amma an zo an gwada tunanin a mutane. A 2017 wani babban gwaji mai suna CANTOS ya ɗauki mutum 10,061 da sunka taɓa yin bugun zuciya, anka riƙa yi ma wasu allurar canakinumab duk wata uku, ita ba ta rage kolesterol ko kaɗan kumburi kawai take kashewa, kuma anka samu ragin kusan kashi 15 cikin 100 na sake kamuwa, sai dai mutuwa ta dalilin cututtuka masu kama jiki ta ɗan ƙaru a cikinsu. A 2019 kuma a Kanada gwajin COLCOT ya ba mutum 4,745 tsohon maganin nan kolshisin mai rage kumburi ko ƙwayar da ba komi cikinta, anka ga ragin kashi 23 cikin 100, amma wani gwajin na 2024 mai mutum fiye da dubu 7 bai ga amfanin ba, kenan su kansu masanan ba su gama daidaitawa a kai ba.

Da munka koma kai sakamakon analiz na tambayi lokotoro zancen kolshisin ɗin, ya ji daɗin tambayar bai nuna min wai na shiga hurumin da ba nawa ba, ya ce ga Baba a yanzu ba shi ne gaba ba, a fara tsayar da waɗanda anka tabbatar tukuna. Sannan ya ja kunnena da wani abu da nake so kowa ya ji, ya ce kar jin kalmar kumburi ya sa mu je mu sayo diklofenak ko ibuprofen wurin masu tallan magani a tire, waɗannan ga mai ciwon zuciya ƙara haɗari suke, suna tada tansiyo, suna taɓa ƙoda, kuma in an haɗa su da aspirin da klopidogrel ciki na iya zubar da jini. Sai a lokacin Baba ya faɗi cewa kusan kullum yana shan diklofenak saboda gwiwa, ba wanda ya sani a gidan. Anka canza mishi zuwa parasetamol.

Magungunan nan biyar lokotoro ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya rubuta aikin kowane a bayan kwalin da biro: aspirin da klopidogrel su hana jini yin guda, ya ce biyun tare galibi shekara guda ake yi kuma kar a tsaida ko ɗaya sai da izininshi, atorbastatin ya rage kitse kuma ya kwantar da kumburin bangon jijiya, bisoprolol ya sassauta gudun zuciya, ramipril kuma ya sauke tansiyo ya hana zuciyar buɗewa ta yi faɗi. Baba ya ce wani daga ciki na sa shi tari busasshe da dare, ashe ramipril ɗin ne kuma sananne ne, ya canza mishi da wani. Da tun farko an faɗa mishi haka kila da bai ajiye duka ba. Mugun kolesterol ɗinshi da ake ce ma LDL ya hito giram 1,4 a lita alhali ga wanda ya taɓa bugun zuciya ƙasa da 0,55 ake nema, tafiya ce mai nisa.

Inda sunka sake ba ni haushi shi ne ɗan shagon maganin da ke cikin kilinik ɗin, yarinyar da ke wurin ta nuna kamar dole a nan za mu saya, na biya na wata ɗaya, washegari na shiga wata farmasi a gari na tarar da jenerik ɗinsu, wato maganin iri ɗaya marar sunan babban kamfani, kusan rabin kuɗin. Na faɗa ma lokotoro ya ce jenerik na farmasi mai lasisi ba laifi, na kasuwa da ke shan rana ne bai yarda da shi ba. To ku nemi a rubuta muku sunan asalin maganin a ordonans ba sunan kamfani ba. Sakamakon analiz ma sun ce gobe, sai da na yi zuwa uku. Kuma na lura namiji ne ke manna wayoyin awon zuciya a ƙirji ko mace ce, wata dattijuwa ta ƙi shiga sai da anka nemo wata infirmiya daga wani sashe, ya kamata su tanadi mace tun da sun san garin da suke.

Hoton jijiyoyin zuciya da ake zura siririn tiyo ta hannu, koronarografi, ba su yi a wurin, lokotoro ya rubuta mana takarda zuwa Yamai, tahiyar fiye da kilomita 600 da mara lahiya ba wasa ba ce kuma kuɗin ma sai an haɗa hannu, muna kan shiri ni da yayyena. Na yaba da bai ɓoye mana ba ya yi ta jan mu da randebu.

A gida Inna ta rage magi daga huɗu zuwa ɗaya a tukunya, tana ƙara daddawa da tafarnuwa da citta, don lokotoro ya ce gishirin yini gaba ɗaya kar ya wuce giram 5, wajen ƙaramin cokalin shayi guda kenan har da wanda ke cikin magi da kilishi da burodi. Balangun dare an bari sai jefi-jefi, kwaɗon zogala ya dawo kusan kullum. Mun sayi na'urar awon tansiyo ta dantse, ƙanena ke auna shi safe da yamma yana rubutawa a kaye, kuma lokotoro ya ce mu zo da na'urar ya gwada ta da tashi. Zancen azumi ya ce kar Baba ya yanke hukunci shi kaɗai, a zo wata guda kafin Ramadan a duba a tsara lokutan sha.

In za ku je ku tahi da karne da duk tsofaffin takardu da kwalayen magani har da waɗanda mara lahiya ke sha a ɓoye, ku riƙe ruwa da ɗan abin ci na bayan ɗibar jini, ku tambayi ranar da kardiyolog ke zuwa kafin ku taso daga nesa, kuma ku sa a ranku za ku jira. Tsarin wurin ban ba shi ko rabi ba, lokotoron kuwa zan sake kai mishi Baba kuma zan kai Inna ita ma a duba tansiyonta. Sati shida kenan Baba bai tsallake ƙwaya ko ɗaya ba, da kanshi yake cewa a miƙo mishi "na ƙananan hanyoyin ruwa", kuma shekaranjiya ya je masallaci ya dawo bai tsaya a hanya ba. Randebu na gaba farkon wata ne, za a sake analiz ɗin kolesterol da na ƙoda.